Kujerata a Jirgin Alhaji

Sau uku mutuwa ta kama ni ta sake ni. Tifa ta kife da ni a gangaren Madalla, yashi ya binne ni har wuya. 'Yan fashi sun tare mu a hanyar Birnin Gwari, suka harbe wanda ke zaune kusa da ni. Amai da gudawa ya kwashe mutum huɗu a gidan hayarmu, ya tsallake ni. Ko sau ɗaya ban yi raki ba. A tashar Suleja in ana maganar mai taurin rai, ni ake nunawa da baki. Ban yi boko ba, ban gina gida ba. Wannan sunan kaɗai na tara.

Na huɗun ba haɗari ba ne. Alkawari aka yi mini.

Alhaji taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Da aka fara ginin Abuja ya sayi tifa ɗaya, ni na tuƙa ta. Yashi da tsakuwa, safe da yamma. Kafin gwamnati ta tare a can, tifa ɗaya ta zama tara. Ya gina bene a unguwar Wambai, ya sayi Marsandi, ya sauke ni daga tifa ya ɗora ni a kanta. Shi ya zama Alhaji, ni ina nan direba. Amma wasan taubasai bai mutu ba. Yana ce mini bawa, ni kuma ina faɗa masa abin da masu cin tuwonsa ke haɗiyewa.

Kullum bayan La'asar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ƙarƙashin mangwaro. 'Yan kwangila, dillalai, limamin unguwa, da waɗanda ba su da aikin da ya wuce gyaɗa kai. A cikinsu akwai wani dillalin siminti. Shi da Alhaji abokai ne irin na kaza da kaza: tare suke tsattsaga, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa.

Mai siminti ya je Legas a jirgin sama ya dawo. Kwana uku bai bar kowa ya yi magana ba. Yadda aka ɗaure shi da bel. Yadda wata ta kawo masa abinci a rufe. Yadda ya leƙa ya ga gajimare a ƙarƙashinsa kamar an baza auduga. A rana ta uku Alhaji ya ƙoshi.

«Shiga jirgi ai ba gwaninta ba ce,» in ji shi. «Buhun albasa ma ana sa shi a jirgi.»

«To kai da ba buhu ba, tuƙa shi za ka yi?»

«Tuƙa shi zan yi.»

Aka fashe da dariya. Da a nan ya tsaya, da an manta kafin Magariba. Amma Alhaji bai iya jin dariya a kansa ba. Ya miƙe, ya gyara hannun riga.

«Wallahi sai na tuƙa jirgi da hannuna na kewaya Dutsen Zuma kuna kallo. Kuma wallahi ba wanda zai fara zama a gefena sai wannan bawan nawa. Shekara da shekaru yana ja na a ƙasa, ni zan ja shi a sama.»

Aka yi ta miƙo mini hannu ana barka. Na karɓa. Me zan ce?

Ga abin da su ba su sani ba. Alhaji yana da lasin tuƙin mota. Na san yadda aka same shi, don ni na kai hoton da ambulan. Sau ɗaya tak ya taɓa yin ribas a gabana. Ya kwantar da katangar maƙwabci, da akurkin kaji, da kajin.

Bayan sati biyu muka tafi Kaduna. A bayan gari akwai wani fili da ake koyar da masu kuɗi. Jirage uku na gani, ƙanana, kujera biyu-biyu. Ko Marsandinmu ta fi su faɗi. Na buga jikin ɗaya da yatsa, ya yi ƙara kamar gwangwanin madara.

Mai koyarwar tsohon sojan sama ne daga wajen Jos, gajere, ba ya dariya, Hausarsa ta bariki. Bai tambayi Alhaji tifa nawa gare shi ba. Tambaya ɗaya ya yi.

«Oga Alhaji, sau nawa za ka iya zuwa a sati?»

«A sati?»

«Sau uku ne daidai. In ya yi wuya, biyu. Ƙasa da haka, mai kawai za mu riƙa ƙonawa. Abin da ka koya ran Litinin, in wata Litinin ta zo ba ka sake taɓa shi ba, rabi ya zube.»

«Ni ba na mantuwa. Aikin tifa tara duk a kaina yake.»

«Ba kai ke tuƙi ba, Oga. Hannu da ƙafa ne. Su kuwa ba su da ajiya.»

Nan take mutumin ya kwanta mini. Wanda ya koya mini mota kwana arba'in ya yi yana sa ni ribas tsakanin durom biyu kowace safiya. Har na iya ido rufe. Zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, ranar da na dawo na take durom ɗin. Na san gaskiya in na ji ta.

Aka sa Alhaji ya tuɓe babbar riga, don ba za ta shiga tare da shi ba. Ya ba ni na riƙe. Suka tashi. Na zauna a kan bonet ina kallon abin yana ƙanƙancewa har ya koma kamar shirwa. Rabin awa suka yi. Da suka sauko, Alhaji ya fito kamar an wanke shi ba a matse ba. Ya taka sau biyar, ya cire hularsa ta zanna, ya yi amai a ciki.

«Ƙosan da muka saya a Tafa ne,» in ji shi. «Man ya kwana.»

«Ni ma na ci ƙosan.»

«Kai ai cikin bawa gare ka.»

Muna hanyar dawowa, har mun wuce Jere. Sai ya ce, «Gobe da safe za ka kai ni Iku.»

A Iku akwai wani tsohon malami mai bugun ƙasa. Alhaji bai taɓa sayen tifa ko karɓar kwangila ba sai ya je wurinsa an duba masa rana. Na kai shi, na jira a mota. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta washe, har yana raha da matan da ke surfe.

«Malam ya duba,» in ji shi. «Hawa sama ba kamar hawa mota ba ne. Ba kowace rana ake yi ba.»

Ya lissafa mini. Talata babu. Asabar babu. In wata ya fara raguwa, babu. In bai cika kwana bakwai da tsayuwa ba, babu. Watan Safar dungurungum babu. Ranar da aka haife shi babu, ranar da aka haifi uwarsa ma babu. Da aka gama tankaɗe, rana ɗaya ce ta rage a kan rariya kowane wata.

«Sojan ya ce uku a sati,» na ce.

«Soja ya san jirgi. Ya san taurari?»

Tun ranar nake ce musu malamin sama da malamin ƙasa. Na sama ya ce uku a sati, na ƙasa ya ce ɗaya a wata. Alhaji ya bi na ƙasa, ya ce ba a jayayya da tsofaffi.

Ita ma ranar ɗayan ba kullum take zuwa da lafiyarta ba. Wani watan mu je hadari ya haɗu, a ce ba tashi. Wani watan wahalar mai, in wuni a layi in dawo da rabin jarka. Wani watan mu tarar an kwance cikin jirgin ana gyara. Ƙasar malam tana ganin taurari, amma ba ta ganin layin gidan mai. In rana ta wuce kuwa ba a ramawa, sai wani wata.

In mun samu an yi, ina jin su daga inda nake tsugune, kafin a tayar da injin.

«Oga Alhaji, wannan agogon me yake nunawa?»

«Mai.»

«Tsayi ne.»

«Wancan watan ka ce mai.»

«Wancan watan ma tsayi na ce. Da wanda ya gabace shi.»

Kowane zuwa daga farko ake somawa, kamar mai haƙa rijiya a yashi. Wata na biyar sojan ya daina faɗa. Sai dai ya kalle ni ya girgiza kai, ni ma in girgiza masa.

Amma wannan a Kaduna ne. A Suleja labari daban. Tun zuwa na biyu aka fara ce masa Kyaftin. Ya sayi baƙin tabarau. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, huɗu, don an ce masa huɗu ne na manya. Ya yi hoto ya dafa fiffike, aka wanke shi ƙato aka rataya a falo. A bayan kowace tifa aka rubuta «Sai Sama». In jirgi ya gifta ta kan gari zai sauka Abuja, Alhaji ya ɗaga kai daga tabarma, ya ƙanƙance ido, ya ce, «Wannan ya yi ƙasa da wuri.» Masu gyaɗa kai su gyaɗa. Har manoma sun fara tsayawa suna tambayarsa ko za a yi ruwa. Yana kuwa ba su amsa.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Mutum ya yi rawarsa da kuɗinsa. Abin da na sani a hanya shi ne, wanda bai iya ba sam ba ya kashe kowa, don ba ya taɓa sitiyari. Wanda ya iya ma da sauƙi. Na tsakiyar shi ne ajali, wanda ya iya tayarwa bai iya tsayarwa ba. Kuma ɗaya a wata, injin ƙera irin wannan mutum ne.

Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Wata rana na ga saukarsu. Jirgin ya doki ƙasa ya yi sama, ya sake doka ya yi sama, sau uku, kamar kwaɗo a kan kasko, sannan ya karkace ya nufi ciyawa. Can ya miƙe ya tsaya. Alhaji ya fito yana washe baki.

«Bawa, ka gani? Ni na sauke shi.»

Da ya zaga bayan ɗaki, sojan ya zo kusa da ni ya kunna taba.

«Ukun farko nasa ne,» in ji shi. «Na ƙarshen nawa.»

A satin ne mai siminti ya matsa. Ya ce shekara ta kusa biyu, jaki ma da an sa shi makaranta da ya fara karatun jarida. Ya ce ko dai Dutsen Zuma ne ya yi nisa? Alhaji ya ce takardar shaidar tuƙi kawai yake jira, sojan ne ke jan ƙafa don ya ci gaba da cin kuɗinsa. Bayan kwana biyu sai ga mai siminti ya zo majalisa da wani mutum mai jaka da ƙaton ciki. Ya ce ga wanda ya san hanyar takarda, kuma ya san inda ake ba da hayar ƙaramin jirgi in an nuna ta. Taimako, wai. A gaban kowa Alhaji ya ba da hoto biyu.

Hoto biyu. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta da ƙafata.

Zuwanmu na gaba na ja sojan gefe. «Oga, ana sayen takardar jirgi?»

«A hannuna dai a'a. A jirgina ba zai tashi shi kaɗai ba ko shekara goma zai yi a haka. Amma ƙasar nan da faɗi, kuma mai kuɗi ba ya rasa mai ce masa to.» Ya dube ni. «Kai ne wanda zai ɗauka?»

«Ni ne.»

«Kana da yara?»

«Biyar.»

Ya juya ya koma wajen jirginsa.

Na fara ta hanyar da ta fi. A mota na ce wa Alhaji, «Mu koma uku a sati. Ni zan tuƙa, ba na gajiya. Mai kuma zan nemo ko a wurin 'yan bumburutu ne. Wata uku ka iya abin nan da gaske, in hau da kwanciyar rai.»

«Malam ya hana.»

«Malam zai hau?»

«Kai dai tuƙa mota.»

To. In ba za a yi uku ba, gara kada a yi ko ɗaya. Ran wata Juma'a da hantsi na sayi goro da turare na tafi Iku ni kaɗai. Na tarar da tsohon a zaure, farantin yashinsa a gaba, yana gyaran carbi. Na gaishe shi, na ajiye abin da na kawo. Ban iya kewaye-kewaye ba.

«Allah ya gafarta Malam, abu biyu, ka zaɓi ɗaya. Ko ka buɗe wa Alhaji kwana uku a sati, ko ka rufe masa sama gaba ɗaya. Wannan ɗaya a watan ni zai kashe.»

Ya dube ni. Sai ya yi dariya har da tari.

«Kai ne na uku,» in ji shi. «Hajiya matarsa ta aiko tun bara, wai a rufe masa. Amma ita ta biyu ce.»

«Wa ya riga ta?»

«Kana zaune a mota ranar.»

Alhaji da kansa ke nan.

«Ɗana, shekara hamsin ina buga ƙasar nan. Ka taɓa jin an ce ranar haihuwar uwar mutum tana hana shi tafiya? Ya shigo nan ya kama ƙafata. Ya ce, Malam ka duba mini, amma ka duba da nisa-nisa. Na ce Talata babu. Ya ce ƙara duba. Na ce Asabar ma. Ya ce ƙara. Da na kai ɗaya a wata na ce masa yashina ya ƙare.»

«To ka rufe masa duka mana. Shi ma haka yake so.»

«In na rufe, me zai faɗa a ƙarƙashin mangwaro? Za a ce ya ɓuya a bayan malami. Ɗaya a wata shi ne daidai wuyansa. Ya isa a ce masa Kyaftin, bai isa a ce ya tashi ba. Da an bar shi, da haka zai yi har tsufa. Yanzu abokinsa ya kawo masa takarda har gida.» Ya share yashin da tafin hannu. «Ka fi ni sanin taubashinka. Tsakanin ya faɗo daga sama da a yi masa dariya, wanne zai ɗauka?»

Na sani. Zai faɗo. Da ni.

«Baki ne ya ɗaure shi,» in ji tsohon. «Baki ne zai kwance shi, amma ba nasa ba. Ya rantse ba wanda zai fara hawa sai wa?»

Na tashi na sa takalmina. Ya ce in ɗauki turarena, bai yi mini aikin komai ba. Na bar masa.

Sati guda ina juya abin. Ba wuyar ganewa gare shi ba, wuyar haɗiya. Mutum bai da gida, bai da gona, abu ɗaya ake gaishe shi da shi a tasha. Shi ne kuma za a ce ya ajiye a tabarma a gaban masu gyaɗa kai. Na tuna yashin Madalla a wuyana, ban kira kowa ba. Na kuma tuna kwaɗon nan a kan kasko. A Madalla akwai waɗanda suka tono ni. A gindin Zuma tsintowa za a yi.

Ranar ta zo da kanta. Majalisa ta cika, har liman yana nan. Mai siminti ya ce mutuminsa ya aiko, takarda ta kusa, jirgi ma an samu. Sai a sa rana.

«Kyaftin, mu ce bayan Sallah da sati? In gayyato mutanen Madalla su ma su fito kallo.»

«Bayan Sallah da sati,» in ji Alhaji. Ya faɗa da ƙarfi. Amma ina kusa da shi, na ga yadda ya damƙe gefen tabarma. Ya juyo. «Bawa, ka ji. Ka wanke rigarka.»

«Ba zan hau ba.»

Alhaji ya kafe ni da ido.

«Me ka ce?»

«Na ce ba zan hau ba. Tsoro nake ji.»

Ban taɓa faɗar kalmar nan a kaina ba. Ta fito kamar an cire mini haƙori. Sai dariya ta tashi. Wani har da kwanciya. Wani ya ce ashe taurin ran na ƙasa ne. Wani ya ce a kawo masa zane ya ɗaura.

Alhaji kuwa ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi da kyau haka ba. Ya miƙe, ya jefar da tabarau. Ya ce na ci amanarsa. Ya ce shekara biyu yana wahala, yana sa ransa a haɗari, don ya ɗaukaka ni, ga sakayyar. Ya ce jinin gidansu ba ya tsoro, wannan daga wajen ubana na kwaso. Jini ya dawo masa fuska, kamar wanda zazzaɓi ya saki.

«Kun dai gani,» in ji shi. «Na rantse ba mai fara zama gefena sai shi. Ni ba na karya rantsuwa. Sai ranar da wannan matsoracin ya samo zuciya.»

Da an tashi a nan. Sai liman ya gyara murya. Mutumin kirki ne, bai san komai ba, taimako ya yi niyya.

«Ai Alhaji addini da sauƙi. Rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan ka warware. Sai ka ɗauki wani.»

«Ka ji!» in ji mai siminti. «Miskinai goma! Ni ma zan kawo shinkafar.»

Na kalli Alhaji. Jinin da ya dawo ya sake gudu. Na ga zan yi asarar sunana a banza.

«Madalla,» na ce. «Kujera ta samu mai ita. Wanda ya kawo mai takarda, ya kawo jirgi, zai kawo shinkafa, ai shi ya fi cancanta. Ga shi ya saba da gajimare. Alhaji mai siminti, bismilla. Rigarka ta fi tawa wankuwa.»

Duk aka juya gare shi.

Ya yi 'yar dariya. Ya ce ai da gudu ma, sai dai likita ya ce jininsa ya hau, an hana shi abin da zai girgiza shi. Wani ya ce ba wata uku ke nan da ya sake zuwa Legas ba? Ya ce bayan nan ne jinin ya hau.

«To wa zai hau?» na ce. Na bi su da ido ɗaya-ɗaya. «Kai da ka ce a kawo mini zane? Kai mai kwanciya? Allah ya gafarta Malam, ko kai za ka sa wa tafiyar albarka?»

Liman ya ce lokacin Magariba ya gabato. Rana tana nan tsaye a kan bene. Kowa ya shiga neman takalminsa, da ma a gabansa suke.

Mai jaka bai sake zuwa ba. Hoton Alhaji biyu suna hannunsa har yau, in yana da rai.

Kada wani ya ɗauka na ci riba. Mutum ashirin suka ƙi hawa a ranar, amma ni kaɗai na faɗa da baki, don haka ni kaɗai ne matsoraci. Kafin kwana uku labari ya kai tasha. Direbobin da na koya wa giya suna hango ni su ce, «Tsoro nake ji!» da muryar mata. Sunan ya bi ni shekara da shekaru. Har matata, in na yi faɗa a gida, sai ta kalli sama kawai.

Alhaji ya ci gaba da zama Kyaftin. Zuwa Kaduna ya koma sau ɗaya a wata uku, ya koma sau ɗaya a shekara, zancen ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. Duk wanda ya tambaya, sai ya nuna ni. «Ga wanda ya hana ni. Da yanzu ina kai alhazai Makka.» Hoton yana nan a falo, 'ya'yansa suna nuna wa baƙi.

Sau ɗaya muka yi maganar, in ma magana ce. Washegarin ranar da na ƙi hawa ne, za mu Abuja. Ya buɗe ƙofar baya kamar kullum, sai ya rufe, ya zagayo ya zauna a gaba. Muka kama hanya. A Madalla ya ce in tsaya. Ya sauka da kansa ya sayo balangu mai zafi, ya ajiye tsakaninmu. Dutsen Zuma yana gabanmu, ba wanda ya kalle shi.

«Bawa, ka ba ni kunya jiya.»

«Na ba ka.»

«A gaban mutane.»

«A gaban mutane.»

Ya tsinci tsokar da ta fi girma, ya miƙo mini. Bai taɓa yi ba, kuma bai sake ba.

A kan gadonsa ya rasu, da furfura, jikoki kewaye da shi. Ni ma ga ni, na aurar da biyar ɗin duka. Kwanan baya wani jikan maƙwabcina ya ce zai shiga koyon tuƙin jirgi, aka ce ya zo wurina wai na san harkar. Na ce masa abin da sojan ya ce: uku a sati, in ya yi wuya biyu. In kuma ya ji ransa yana neman wanda zai duba masa rana, ya zauna a gida, kuma ya yi shiru a majalisa.